Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jigawa, Malam Umar Namadi: a waiwayi Baturiya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ɗan ƙasar Haɗejia ne, ba ɗan siyasa ba, mutum ne kawai mai son ya ɗauki fatsarsa ranar Asabar ya je bakin ruwa ya zauna, in an samu karfasa biyu Alhamdulillahi in ba a samu ba an sha iska. Maganar dausayin Baturiya da ke Kiri Kasamma na kawo maka.

Tun 2008 wurin nan ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, tsuntsaye ne ke tasowa tun daga Turai lokacin sanyi su sauka a gabanmu, ga namu na gida su dinya da kirinjijiya da zalɓe. To amma ranka ya daɗe tsuntsu ba takarda yake ci ba, bishiya yake so da ruwa mara zurfi. Giyayya da bagaruwar bakin tafki in aka sare su aka yi itace da gawayi, gaɓar sai ta zube ruwan ya cike da yashi, kifi ya rasa inda zai zuba ƙwai, shi kenan an yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarwaɗa.

Sai kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, wannan kam kowa ya san ta. Tunda aka yi dam ɗin Tiga a 1974 aka ƙara da Challawa a 1992, duk a kan kogunan da ke kawo mana ruwa, ruwan ya daina zuwa ya tafi yadda ya saba, da can ambaliya ce da damina rani kuma fadama ta bushe, yanzu wasu wuraren ruwa kwance shekara zagaye, ita kuwa kachalla abin da take so kenan, ta toshe hanyar kwalekwale ta zama gidan tsuntsayen jan baki masu cinye wa manoma shinkafa da gero. Ana yankanta da injina, mun gani mun gode, amma wallahi in ba a zauna da hukumar kogunan Haɗejia-Jama'are an gyara yadda ake sakin ruwa ba, yau a yanka gobe ta tofo.

Roƙona dai dan Allah kar a ce za a tsare wurin ta hanyar korar masunta, mutanen nan sun fi kowa sanin ruwan. A kira Sarkin Ruwa na kowane gari da bulamai a ba su ƙarfi su hana raga mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi, a rufe wasu tafkunan lokacin da kifi ke ƙwai kamar yadda Argungu ke rufe kogin Matan Fada sai ranar biki. Mu masu fatsa kuma a yanka mana tikiti, za mu biya, kuɗin ya tafi albashin matasan garin su zama masu gadi su dasa giyayya a gaɓa kafin daminar bana.

Allah ya taimake ka.