Sanarwa: zaman horar da kai ranar Asabar

Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwana shugabannin ƙungiyoyi na nan Tawa. Da fatan mun tashi lafiya.

Ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar la'asar, za mu haɗu a zauren da muka saba. Mun gayyato mai horarwa a kan tsarin rayuwa da shugabanci, zama na awa 2.

Ku bari in faɗi abin da ya sa na matsa. Bara na kai matsayin da rahoton masu ba da tallafi ke hana ni barci, waya na ƙara ina cikin cin tuwo, yarana sun kwanta kafin in dawo gida. Da na zauna da mai horarwa, bai ba ni umarni ko ɗaya ba. Tambayoyi ya yi ta yi mini har na gane da kaina cewa komai na ƙungiya ni kaɗai na rungume. Muka zaɓi ayyuka 2 na miƙa wa mataimakina, duk bayan mako biyu mai horarwar yana tambayata inda aka kwana. Ba likita ba ne, kuma abin da ka faɗa masa sirri ne.

Kowa zai ba da jika 2 wajen ma'aji kafin Alhamis, na ruwa da kuɗin motar baƙon. A zo da littafi da biro, a rubuto matsala guda ɗaya da ta fi damun mutum a wurin aiki. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar da ni da wuri, don Allah.

Allah ya kai mu lafiya, ya bar zumunci.

Taku,
Sakatariyar rukuni