Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanena Kan Tseren Keken Daji

Marsey, Faransa

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da Baba da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Saƙonka ya iso, na ji keken da na aiko ya shiga hannunka, kuma kana son sanin yadda ake tseren daji na 'yan sha'awa, waɗanda ba da shi suke ci ba. Tunda gyaran keke ne sana'arka, a kan keken zan fi tsayawa, don mutane da yawa kekensu ne ke fitar da su daga tsere alhali da sauran ƙarfinsu.

Hanyar zagaye ce ta kilomita 4 zuwa 6, da hawa da gangara da duwatsu da saiwoyin itace, ana maimaita ta. Ƙwararru kan yi wajen awa ɗaya da rabi, 'yan sha'awa ƙasa da haka. Irin wannan ne ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta a 1996. Akwai kuma mai dogon zango, kamar Roc d'Azur da aka fara a 1984, wanda ake yi a garin Firejus, a kudancin Faransa, duk watan Oktoba, dubban mutane na shiga. Ko ina aka je, ba hular kwano ba tsere, lambarka kuma a gaban kan keke ake ɗaure ta.

Fara da taya. Wadda ke jikin kekenka inci 29 ce, ba tub a cikinta, wani ruwa mai kauri ake zubawa, mililita 60 zuwa 90 a kowace taya. Idan ƙaya ta huda, ruwan ya bi iska ya toshe hudar kana cikin tafiya. Ga ƙasa mai tsidau irin tamu, wannan alheri ne. Sai dai ruwan yana bushewa, kuma a zafin Damagaram kada ka ba shi fiye da wata biyu. Girgiza tayar kusa da kunnenka, in ba ka ji motsin ruwa ba, ƙara. Iska kuwa, ka manta da yadda ake cika tayar keken kasuwa har ta yi tauri. Mai nauyin kilo 70 ya sa wajen bar 1.5 (awon matsin iska ke nan) a gaba, 1.7 a baya, da ma'auni, ba da matsin yatsa ba. In ta yi yawa keken zai riƙa tsalle a kan dutse yana zamewa a kwana. In ta yi kaɗan, rim ya daki dutse ya yanke gefen taya. Ka riƙe tub ɗaya da ƙaramin famfo a aljihu saboda babbar yaga, amma kafin ka sa tub ɗin, bi cikin tayar da hannu ka cire duk ƙayoyin da ruwan ya rufe a baya. In ba haka ba, nan take za su huda shi.

Birkin na mai ne, kuma a nan nake jin tsoron hannun masu gyara. Na Shimano ne, man Shimano kaɗai yake sha. Kada wani ya ce maka man birkin mota zai yi, yana kumbura robobin ciki, birkin ya mutu. Faifan birki kada giris ko man sarƙa ya taɓa shi. Da ya taɓa, takalman birkin sun sha, sai ƙara ba kamu, kuma canza su ne magani. In ka matsa hannun birki ka ji laushi har yana taɓa kan keke, iska ce ta shiga bututu, sai an fitar da ita. In ka cire taya kuma, kada ka matsa birki, takalman za su haɗe faifai ya ƙi shiga.

Sarƙa a wanke ta, a ɗiga mai kaɗan, a goge na waje tas, don mai da yashi in sun haɗu cin haƙoran giya suke. Duba ɗan ƙarfen da ya riƙe giyar baya a jikin keke. Da gangan aka yi shi mai taushi don ya lanƙwashe maimakon jikin keken, kuma faɗuwa ɗaya ta isa. In ya karkace, sarƙa za ta riƙa tsallake haƙora, ko ta faɗa cikin wayoyin taya. Yawan tsinkewar sarƙa kuwa daga canza giya ne a tsakiyar hawa, ƙafa na danne da feda. Canza tun kafin hawan, ko ka sassauta ƙafa daidai lokacin. Riƙe mahaɗin sarƙa na giya 12, na wani ba zai shiga ba. Shokozoban gaba da iska yake aiki, da famfonsa na daban: in ka hau, ya nutse wajen milimita 20 cikin 100 ɗinsa.

Duk wannan a gama shi kwana biyu kafin tsere, a gwada. Ranar tsere ba a sa sabon sirdi ko sabon takalmi.

Zagaya hanyar a hankali tun kafin ranar, ka san inda ake taka birki da inda sauka ka tura ya fi sauri. Ci abinci awa uku kafin tashi, shinkafa ko makamancinta, ban da mai maiƙo. Ruwa rabin lita a awa shi ne mafi ƙaranci, da ɗan gishiri a ciki saboda ɗaurewar jijiya, a zafin gida kuwa ya fi haka. In tseren zai wuce awa ɗaya, ci dabino uku ko huɗu duk minti 20, ka cire ƙwallayen tun a gida. Motsa jiki a kan keke minti 20 kafin a kira layi.

Da an tashi kowa zai ruga, don faffaɗar hanya na ƙarewa da wuri a shiga siririya mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda ya makara kuma sai ya bi bayan masu nawa. Nemi wuri, amma da ka shiga siririyar ka rage har numfashi ya daidaita. Wanda ya ƙone kansa a zagayen farko, a na uku ake wuce shi yana tura keke. A gangara tashi daga sirdi, fedoji a daidaice, gwiwa da hannu a sake, yatsa ɗaya kan kowane birki. Taka birki kafin kwana, ka sake shi a cikinta, idonka kan inda kake son bi. Za ka wuce mutum, faɗa masa ta hagu ko ta dama.

Aiko min da nauyinka da hoton haƙoran giyar baya, in haɗo maka takalman birki da ruwan taya. Ka gaida Inna da Baba, ka ce su sa ni a addu'a. Allah ya tsare.

Yayanka