Rahoton Ayyukan Shekara: Farashin Gidaje da Barazanar Ambaliya a Unguwanninmu na Jos

Iyayenmu dattawa, masu gidaje da 'yan haya, assalamu alaikum.

Kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da rahoton ayyukan bana, waɗanda mafi yawansu suka karkata ga batu guda, wato yadda tsadar muhalli take tura jama'a zuwa bakin rafi.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tifar yashi da rodi da kwanon rufi bai sake komawa inda yake ba, buhun siminti ma ya haura naira 10,000 a farkon 2024, abin da ya sa gine-gine da dama suka tsaya a linta, masu gida kuma suka ƙara kuɗin haya. Sai dai matsalar Jos ta girmi wannan. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun sa kowa ya koma zama cikin nasa, har unguwanni irin su Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo suka cika maƙil, fulotin da ya rage da araha kuwa shi ne na gefen rafin Dilimi da rassansa. A ganin kwamiti, wannan araha ta yaudara ce, domin dillali yakan kai mai saye da rani, lokacin da rafin bai wuce a tsallake shi da ƙafa ba.

Saboda haka muka zagaya gidajen membobi da ke gangare kafin faɗuwar damina. Mun ga katangun tubalin ƙasa waɗanda danshi ya cinye gindinsu har yatsa yana nutsewa, mun kuma ga kwalbatin da ledar ruwa da ɓaraguzan gini suka toshe baki ɗaya. Matasanmu sun yashe magudanan ta hanyar aikin gayya, amma kwashe sharar da aka fito da ita ya yi jinkiri, ruwan farko ya mayar da wani ɓangare ciki. Dattawan da suka ga ambaliyar Rikkos ta watan Yulin 2012, wadda ta halaka sama da mutum 30, su ne suka nuna mana iyakar inda ruwa ya kai a jikin bango, muka shafa fenti a wuraren.

An karanta hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, a taronmu, an kuma sasanta saɓanin ƙarin haya tsakanin wasu membobi ba tare da zuwa kotu ba.

Kwamiti yana roƙon kada memba ya biya kuɗin fili sai ya gan shi a watan Agusta, ya kuma nemi izinin gini daga hukumar raya birnin Jos, JMDB. Batun gidajen da ke kusa da tsofaffin kududdufan haƙar kuza bai kammalu ba, za a gabatar da shi a babban taro mai zuwa tare da bayanin ma'aji.