Wasiƙa daga Birmingham zuwa ga mutumina

Assalamu alaikum mutumina,

Nasan kana can kana zagina a ranka, wata huɗu ba waya ba saƙo, to ka yi haƙuri laifina ne, amma kai ma ai ba karyewa hannunka ya yi ba. Ya Hajiya da ƙafar tata? Ya amarya, ko har yanzu ba a sauke mata sunan ba duk da ta ajiye biyu? Bari dai ka ji abinda ya cinye min duk ranakun Asabar ɗina.

Ka tuna tsohuwar Baturiyar nan maƙwabciyata mai kyanwa? Ashe ƴar Kweka ce. Wasu Kiristoci ne da suka ɓullo a nan Ingila wajejen 1650, wani George Fox ne ya fara tafiyar, su kuma Abokai kawai suke kiran kansu. Wata rana ta tare ni a bakin ƙofa wai yaren da take ji ina waya da shi Hausa ne? Nace eh. Tace suna da wani yaro a inda suke tarbar masu neman mafaka, mai yi musu tafintan Larabci ya bar gari, yaron kuma yace yana jin Hausa. Wallahi da ƙyar na je, na ɗauka irin abin nan ne na shayi da biskit sai a zaro maka littafi.

Kai mutumina, ɗan garin Mai Wurno ne fa, na can Sudan! Jikan mutanen nan da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira, waɗanda suka tsira a Burmi a 1903 suka wuce gabas. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya koro shi, ya bi ta Libiya ya hau ruwa. Ina ce masa sannu ɗan'uwa ya gajiya, sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Hausarsa duk Larabci ya cakuɗa ta, amma akwai tsofaffin kalmomi a bakinsa da tun rasuwar Kaka ban ƙara jinsu ba.

Duk Asabar suke buɗe ɗakin taronsu, a dafa shayi, a raba rigunan sanyi, wasu su koyar da Turanci wasu su zauna cike fom, in mutum zai je sa hannu a ofishin shige da fice a samu mai raka shi har da biyan kuɗin bas. Don kasan gwamnati fam 49 da ɗoriya take ba masu neman mafaka a sati kuma ba a yarda su yi aiki ba, a garin nan wannan kuɗin ko cefane bai isa ba. Wata huɗu ina zuwa ba wanda ya taɓa yi min maganar addini, tsohuwar da kanta ta share mana lungu ta nemo alƙibla a wayarta. Don haka kar ka je ka faɗa wa Malam wai na sauya sheƙa, nasan halinka.

Ibadarsu ma abin mamaki, tace ranar Lahadi zama suke yi shiru awa guda, ba fasto ba kiɗa, sai wanda abu ya taso masa a zuciya ya miƙe ya faɗa ya zauna. Nan take na tuno ka, kai da ko a zaman makoki sai an zungure ka.

Inda muke samun saɓani da ita shine batun yaƙi. Su sam basa ɗaukar makami, ko na kare kai. Nace mata to ƴan bindiga su shigo ƙauyenku da dare irin na Zamfara fa? Ta daɗe shiru sannan tace bata da amsa mai sauƙi. Ni dai ban gamsu ba har yau, amma ba zan ce musu matsorata ba, don ita da gashinta fari fat take hawa jirgin ƙasa zuwa Landan su tsaya shiru a ƙofar kasuwar baje kolin makaman nan da ake yi duk shekara biyu, har kama wasunsu ake yi. A 1947 ma an basu kyautar Nobel ta zaman lafiya, ita bata taɓa faɗa min ba, a intanet na gani.

Au, kasan Bournvita ɗin da muke sata a kwabar Hajiya muna lasa? Masu kamfanin na asali, iyalan Cadbury, ƴan Kweka ne, su suka gina wa ma'aikatansu unguwar Bournville a nan garin, ko gidan giya basu bari an sa a ciki ba.

Yanzu damuwata yaron nan ne, wata mai zuwa hukuma zata yi masa intabiyu kan neman mafakarsa kuma baya barci, ƙarfe ukun dare sai ya kira ni. Ka sa almajiran Malam su saka shi a addu'a don Allah. In Alhajin naku zai taso a ƙarshen wata ka bashi yaji da kuka ya taho min da su, na yi wa yaron alkawarin tuwo.

Ka gaida kowa da kowa, banda mai shayin nan har sai ya biya ni.

Naka har kullum.