Kan aikin ƙabar ƙanenka

Sakkwato

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da aiki. Mu nan sai godiya, ban da zafin bazara da kan wuce digiri 40.

Na ga saƙonka cewa za a yi wa ƙanenka aikin ƙaba, kuma su Hajiya na so a yi a ƙaramin asibitin unguwa a huta. Don Allah ka dakatar da su. Aikin ƙaba ba wani abu ba ne, amma zuciyar da aka gyara masa a Indiya yana yaro ita ce damuwata. Masu ciwon Fallot irin nasa, wato ciwon zuciya da ake haihuwar yaro da shi, mai huda tsakanin ɓangaren dama da na hagu, ko an ɗinke hudar, sau da yawa murfin jijiyar da ke kai jini huhu yakan riƙa yoyo, ɓangaren dama na zuciya ya buɗe, bugunta ya rikice. Mutum na yawonsa garau, sai maganin barci ya tona abin.

A nemo takardun Indiya ko suna ƙasan akwati. Mu masu sa barci muna son sanin ainihin abin da aka yi. Idan an fara yi masa aikin Blalock-Taussig, wanda aka soma a Amurka a 1944, wataƙila an karkatar da jijiyar hannu ɗaya zuwa huhu, awon jini a wannan hannun sai ya nuna ƙasa, ya ruɗe mu. Idan kuma akwai sauran huda, ɗan kumfar iska a robar ƙarin ruwa na iya tsallakawa ta kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa muke tace layin sosai.

Sabon hoton zuciya na eko da awon bugunta dole ne, kuma likitan zuciya ya gan shi tukun. Daga nan za a zaɓa: barci gaba ɗaya, allurar baya, ko kashe wurin kawai. Allurar baya kan sauke jini da sauri, ba kowace zuciya ke ɗauka ba.

Kada kuma a bar shi da ƙishi tun dare a wannan zafin. Ruwa zalla ana sha har saura awa 2 a shiga aiki, sai dai in likita ya hana.

Ku kawo shi asibitin koyarwa na Danfodiyo, inda akwai ɗakin kulawa ta musamman. Ka gaida Hajiya, ka ce ina tafe ranar Juma'a in duba takardun.

Naka amini.