Finafinan kotu na masu kashe mutane ɗaya bayan ɗaya sun cika gyara makashi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan finafinan Amurka ɗin nan da ake shari'ar mutumin da ya yi ta kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, wanda yaranmu ke turawa juna a waya suna kwana kallo. Wallahi abin yana damuna. Kullum sai a nuno makashin gaye ne, ya sha kwat, yana murmushi a gaban alƙali, wai kwanyarsa ta fi ta kowa, lauyoyi na ta zufa, can ƙarshe wani ya banko ƙofar kotu da shaidar da ba wanda ya taɓa jin labarinta, shi ke nan shari'a ta juye. Su kuma waɗanda aka kashe ko sunansu ba ka riƙewa, hoton gawa kawai za a haska maka a wuce.

Toh a zahiri ba haka abin yake ba. Gary Ridgway na jihar Washington fentin manyan motoci yake yi, ba wani gwanin dabara ba ne, ya daɗe yana ta'asa ne saboda yawancin matan da yake kashewa masu zaman kansu ne da 'yan matan da suka gudu daga gida, ba mai neman su da gaske. Gwajin ƙwayar halitta (DNA) ne ya tona shi a 2001, kuma ba a ma yi wata fafatawa a kotu ba, a 2003 ya amsa laifin kashe mata 48 don ya tsira daga hukuncin kisa. Mafi yawan shari'o'in laifi a Amurka da irin wannan amsa laifin suke ƙarewa.

Na Jeffrey Dahmer, wani makashin shi ma a Amurka, ma ya fi ciwo. A watan Mayun 1991 a birnin Milwaukee wani yaro ɗan shekara 14 ya kuɓuce masa, tsirara, a jigace, wasu mata baƙaƙen fata suka kira 'yan sanda suna ta roƙo kar a bar shi, amma 'yan sandan suka yarda da zancen Dahmer suka maida masa yaron har gida, a daren ya kashe shi. Ina wayo a nan? Sakaci ne da raina talaka, kuma irin wannan ne masu fim ba sa son tsayawa a kai don ba ya kawo kasuwa.

Iyaye su riƙa duba abin da yara ke kallo, ni na ji da kunnena wani matashi yana yabon irin wannan makashin wai ya burge shi.

Naku,
mai karatu daga Zariya