Daga bulala sai asibiti, babu komai a tsakani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana a kan ɗaliban da damuwa ke ci a makarantunmu. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a jihar Gombe, kuma matakai biyu kaɗai na ga mun iya. Yarinya ta daina zuwa ɗaukar abinci, tana gyangyaɗi a aji, makinta ya zube, sai a ce shagwaɓa ce, a zane ta. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin kwana tana sumbatu, a kira mai ruƙiya, a aika wa iyaye su zo su ɗauki 'yarsu. Ban raina addu'a ba, ni ma da ita na dogara. Amma watannin da ta yi tana ramewa a gabanmu, ina muke?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana da larurar ƙwaƙwalwa. Mai aji na ɗalibai 70 ya yi lissafi da kansa. Likitocin wannan fanni kuwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, don haka asibiti ba zai iya ɗaukar kowa ba, kuma ba kowa ne ke buƙatarsa ba.

Malamar aji ce ya kamata ta fara lura, in an koya mata alamomin. Daga ita sai malamar ba da shawara. Muna da ita a takarda. A zahiri darussa sun yi mata yawa, teburinta yana tsakiyar ofishin malamai, ba a tuna ta sai lokacin cike fom ɗin JAMB. Wace yarinya ce za ta faɗi cewa an saki uwarta, ko ana shirin cire ta a aurar, malamai goma suna saurare? Abin da ya fi ƙarfin wannan malama shi ne za a tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da sanin iyaye.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Har yau ban ji ɗuriyarta a makarantarmu ba. Ina roƙon ma'aikatar ilimi ta jiha ta rage wa malaman shawara darussa, ta ba kowacce ɗaki mai ƙofa, ta kuma shirya wa malaman aji bita a lokacin dogon hutu.

Wata malamar sakandare,
Gombe